Ranar da Na Bi Farar Riga a Malta

Wace ce tsohuwar nan mai baƙaƙen kaya, kuma me ta gani a fuskata har ta bar inuwar ɗakinta ta sauko? Na daɗe ina yi wa kaina wannan tambaya, ga shi ido ya fara dushewa ban samu amsa ba. Ko sunanta ban sani ba. Wanda zan tambaya mu yi ta hasashe tare, maigidana, ya rasu da damanar da ta wuce, Allah Ya jiƙansa. Tun da na fita takaba babu ranar da ba na kuka, kuma ba na ɓoyewa. Amma labarin nan shi da kansa bai taɓa ba da shi ba tare da dariya ba, don haka ni ma zan yi ƙoƙari.

Ban yi boko ba, jikata Maryam ce ke rubutawa. Ku 'yan matan da ke aikin reno a gidajen ma'aikata, nan Talata Mafara da Gusau da Sakkwato, kukan zo ku ce, "Inna Kulu, ba mu labarin aikin da." To ga ranar da ba ta taɓa fita raina ba.

A zamanin da ake gina madatsar Bakolori, lokacin mulkin soja, ni da maigidana muna aiki a gidan wani Baturen Italiya a kwatas ɗin ma'aikata. Mu dai Injiniya muke ce masa, matarsa kuma Madam. Aikin gidan Bature yana da tsari. Kuku shi ne babba, shi ke riƙe makullin sito, shi ke zuwa cefane. Bayansa sai boyi mai shara da jera tebur, sai mai wanki da guga, sai maigadi. Mai reno ita dabam take, ba ta ƙarƙashin kowa sai Madam. Maigidana shi ne kuku. Mutumin Bakura ne, ya koyi girkin Turawa a Gusau tun yana saurayi. Ni kuwa 'yar Faru ce, ni ce mai reno.

Yarinyar da nake reno sunanta Marta, amma ranar Talata aka zo da ita, kasuwa na ci, sai muka sa mata Talatu, har uwarta ta koma kiran ta haka. A bayana ta yi wayo. Lokacin da nake ba ku labari tana cikin shekararta ta uku, Hausa ta fi zama a bakinta fiye da yaren iyayenta, kuma in ba a goye ba, ba ta barci.

Da damina ta kankama aikin ƙasa yakan ja baya, Turawa su tafi hutu. Shekarar nan Madam tana da ciki, ta ce ba za ta iya da Talatu ita kaɗai ba, sai na bi su. Na ce ai ba na tafiya ba muharrami. Injiniya ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya ce to kuku ma ya zo. Muka kai 'ya'yanmu Faru wurin innata, aka ɗauke mu hoto, na dangwala yatsa, muka hau jirgin sama a Kano. Wannan hawan ma labari ne, amma ba shi ne na yau ba.

Can ƙasarsu, mahaifin Madam ya shirya musu yawon shan iska a jirgin ruwa. Ku daina tuna kwalekwalen da kuka sani. Gari ne guda a bisa ruwa, bene kan bene, da wurin cin abinci, da wurin rawa, har da tafkin wanka a cikinsa, kamar ruwan da ke kewaye bai ishe su ba. Ma'aikatansa duk cikin fararen kaya, kowa da muƙaminsa a kafaɗa. Mu ɗakinmu yana can ƙasa, da 'yar taga kamar bakin tulu. Maigida ya rasa abin yi, don ba a bar shi ya taɓa tukunya ba. Kullum sai ya leƙa madafar jirgin ya dawo yana tsaki.

"Albasa ce ba su bari ta yi ja," in ji shi. "Gaggawa ta yi musu yawa."

Alƙibla ma ta ba shi aiki. Ya tambayi wani matuƙi da safe ya nuna masa, kafin azahar jirgi ya juya, sai ya sake komawa tambaya. Har suka saba, matuƙin na hango shi sai ya miƙa hannu tun kafin ya yi magana.

Ga yadda tsarin irin wannan tafiya yake. Jirgi kan kwana yana tafiya, da safe ya tsaya a wani gari, a sauke tsani, mutane su fita yawo. A bakin tsanin akwai ma'aikacin da ke duba takardar kowa, fita da shiga. Da yamma sai a busa ƙaho na gargaɗi, bayan ɗan lokaci a janye tsani. Wanda bai dawo ba, ya zama ɗan garin. Jirgi ba ya jiran kowa.

Wata safiya muka wayi gari a wani tsibiri da suka ce sunansa Malta. Na leƙa ta tagar nan na ga ganuwa ta tashi daga cikin ruwa har sama, duk ta dutse mai launin man shanu, gari kuma yana bisanta. Madam ranar nan jiri ya hana ta tashi, Injiniya ya ce zai zauna da ita. Talatu kuwa ta gaji da jirgi, sai rigima take yi. Sai aka ce mu fita da ita. Injiniya ya ba maigida takardunmu duka, ya nuna masa agogo, ya ce kafin la'asar mu dawo. Madam ta riƙo hannuna daga kwance, da 'yar Hausarta ta ce yarinya a hannuna take, ba hannun kuku ba. Na ce na ji.

Maigida ya sa farar doguwar rigarsa ta Juma'a da jar dara da takalmin fata. Ni na goya Talatu, na ɗaura majanyi, na yafa gyale. Muka sauka, shi a gaba, ni a baya, kamar yadda muka saba.

Nan sai na tsaya na yi muku bayani, don na ga ku 'yan yanzu kafaɗa da kafaɗa kuke tafiya da mazanku. Mu a lokacinmu mace ba ta jerawa da mijinta. Yana gaba, tana baya da 'yar tazara, idonta a ƙasa, tana bin gefen rigarsa da dugadugansa. Ba ta cin abinci a gabansa. Sunansa kuwa ba ta kama shi, ko a gaban idonsa ko a bayansa. Tun da aka kai ni ɗakinsa, Maigida nake cewa, shi ma ƙasa-ƙasa.

Garin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Titunansa rabi duk matakala ce, ka hau ka hau, ka sauka, ka sake hawa, kuma kowane lungu ka leƙa sai ka hango ruwa shuɗi a ƙarshensa. Gidaje dogaye manne da juna, kowanne da wani ɗan ɗaki na katako a maƙale a bango kamar akurkin kaji, wani kore, wani ja. Na ga mace ta zuro kwando da igiya daga sama, mai burodi ya sa mata, ta janye abinta ba ta sauko ba. Na ce a raina, wannan ta fi mu dabarar kulle. A bakin ruwa kuma ƙananan jirage ne masu fenti kala-kala, kowanne an zana masa idanu biyu a goshi. Talatu ta yi ta ɗaga musu hannu tana cewa sannunku.

Maigida ya tsaya a gindin ganuwa ya shafa dutsen, ya ɗaga kai har hularsa ta kusa faɗuwa.

"Kin gani, 'Yar Faru? Su ma Bakolori suka gina. Sai dai mu ruwa muke tarewa, su mutane."

Wani dattijo mai ɗan Larabci ya nuna masa manyan bindigogin da, ya ce an sha kawo wa garin yaƙi ta ruwa. Abin da ya fi ba maigida mamaki, mutanen Kirista ne, coci a kowane lungu, amma in suna magana sai ka ji Allah a bakinsu. Ya yi ta jinjina kai.

Da muka shiga kasuwa kuwa sai ya zama yaro. Ya ɗauki tumatir ya shinshina, ya matsa ɓaure, ya tsaya gaban masu kifi yana nuna wata halitta mai ƙafafu barkatai.

"Wannan ko Injiniya ya kore ni ba ni dahwa ta."

Ya sayo mana burodin da aka goga wa tumatir aka zuba mai. Muka samu wata matakala mai inuwa, na juya masa baya ina ci, ina gutsura wa Talatu.

"Ke, juyo mana," ya ce. "Nan wa ya san mu? Innarki na Faru."

"Allah na gani."

"Allah ai Shi ya ɗaura auren. Dubi waccan tsohuwar da mijinta, hannu cikin hannu. In mun tashi ki matso mu jera, ko sau guda."

"Sai ka ce 'yar bariki? Tahi dai, ina biye."

Ya yi dariya, ya kaɗe rigarsa, ya yi gaba.

Ba mu yi nisa ba sai ga badujala ta ɓullo daga wani lungu, da ganguna da ƙahoni, jama'a na biye suna tsalle, na sama suna watso yankakkun takardu kamar ana ruwan farin fure. Ashe bikin wani cocinsu ne. Nan take suka raba tsakaninmu. Maza ta ko'ina, sai na ƙara sunkuyar da kai, na kai hannu baya na tallafe Talatu, ita kuwa sai rawa take yi a bayana. Da taron ya ɗan tsagaita, na hango gefen farar riga da takalmin fata suna shiga wani lungu. Na ce alhamdu lillahi, na bi.

Na bi rigar nan, jama'a. Ta hau matakala, na hau. Ta karya kwana, na karya. Har ina cewa a raina, yau Maigida ya samu ƙarfin ƙafa, ko waiwaye ba ya yi. Da na gaji na ce ƙasa-ƙasa, "Maigida, a rage sauri." Rigar ta ci gaba da tafiyarta. Na ce to fushi yake yi don na ƙi jerawa. Muka yi ta tafiya har kiɗan ya ɓace. Sai rigar ta tsaya a bakin wata ƙatuwar ƙofa, na tsaya ni ma da tazarata, na ɗaga ido.

Wani tsohon Bature ne mai sanƙo, da dogon carbi rataye a ƙugu. Malamin coci. Ya dube ni, ya dubi jar yarinyar da ke leƙowa ta kafaɗata, ya yi wata alama da hannu a ƙirjinsa. Ni kuma na ce inna lillahi, na juya da gudu. Ban san wanda ya fi wani tsorata ba.

Gudun nan shi ya ƙarasa ɓatar da ni. Kowane lungu kamar ɗan'uwansa. Rana ta take, sai na ga ana rufe shaguna ɗaya bayan ɗaya, ana jan tagogi, gari ya yi tsit kamar an share mutane. Ashe al'adarsu ce, da tsakar rana kowa barci yake yi. Talatu ta fara kuka tana cewa ruwa. Na zauna a kan wata matakala, na sauke ta na rungume.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba. Ba takarda a jikina, ba yare a bakina. Baƙar mace da ɗiyar Turawa, in ɗan sanda ya zo me zan ce? Ita kanta yarinyar in an tambaye ta, Hausa za ta yi musu. Ga Madam kwance da ciki, ga ƙahon da za a busa. Na tuna hannunta a cikin nawa, sai hawaye.

Sai na ji an buɗe taga a sama. Tsohuwa ce, baƙaƙen kaya tun daga kai har ƙafa. Ta daɗe tana kallona, ta rufe tagar. Na ce shi ke nan, ta tafi kiran hukuma. Can sai ga ta ta fito tana dafa bango, da moɗa a hannu da jiƙaƙƙen tsumma. Ta ba Talatu ruwa, ta ba ni, ta goge wa yarinyar fuska, sannan ta goge mini tawa kamar ni ma yarinya ce.

Talatu ta sha ta ƙoshi ta ce, "Mun gode, Kaka."

Tsohuwar ba ta ji ba, amma ta ji. Ta ƙwala kira, sai ga tagogi na buɗewa, mata suka firfito, wata da tsintsiya, wata da jariri. Suka kewaye mu suna ta magana gaba ɗaya, kamar matan gidan suna. Wata ta kawo inabi, wata ta taɓa kitsona. Da na tashi na sunkuya na ɗora Talatu a baya na ja zane na ɗaure, sai suka yi shewa. Mai jaririn ta ruga gida ta ɗauko mayafin tebur, wai sai na koya mata. Ina cikin tashin hankali, amma wallahi sai da na goya mata ɗanta, na nuna mata yadda ake soke bakin zane. Ta yi taku biyu tana tafi da hannuwanta duka, tana nuna wa sauran ga ta ba ta riƙe komai. Har ni sai da na yi dariya.

Sannan na yi ƙoƙarin gaya musu damuwata. Na yi alamar ruwa da hannu, suka kawo wata moɗar. Na yi alamar babban abu, suka nuna coci. Talatu ce ta cece mu, ta kumbura kumatu ta yi kukan ƙahon jirgi. Tsohuwar ta buga cinya, ta kama wuyan hannuna ta ja.

Sai dai sama ta nufa, ba ƙasa ba. Na turje, ina nuna mata ai ruwa a ƙasa yake. Ta harare ni irin hararar da innata ke yi mini, na bi. Tana hawa tana nishi, matan na biye da mu, har muka fito wani lambu a bisa ganuwa. Daga nan duk bakin ruwan a fili yake, jirage manya da ƙanana. Ashe so take in nuna mata wanne ne namu. Na gane shi nan take, na nuna. Ina nunawa ƙaho na tashi.

A can ƙasa, nesa, kusa da tsanin jirgin, na hango farar riga da jar hula. Wannan karon na duba da kyau. Shi ne. Yana kai da kawo, ya je wurin ma'aikacin tsani, ya dawo, ya ɗora hannu a ka. Sai na ga ya juya wa jirgin baya ya nufi wata ƙofar gari da sauri, ba ma ta wajen da muke ba. Zai koma nemanmu. In ya shige lungunan nan, ko mun sauka ba takarda, shi kuma jirgi ya bar shi.

Matan suka yi ta ihu suna kaɗa gyale. Bai waiwayo ba, ina ruwansa da ihun Turawa. Na ce, "Maigida!" Ko tantabarar da ke kan ganuwar ba ta tashi ba. Tsohuwar ta kewaye bakinta da tafukanta, ta nuna shi, ta zungure ni. Na gane nufinta sarai. Na girgiza kai. Ta sake zungura ta, na sake girgizawa, na rufe baki da gyale.

Sai ta kama baƙar rigarta ta jijjiga a gabana. Ta nuna zoben da ke yatsanta, ta nuna ƙasa, ta buɗe hannuwanta babu komai. Sannan ta ɗaka mini duka a kafaɗa.

A ranar na ɗauka faɗa kawai take yi. Sai yanzu da na yi takaba na san abin da ta ce.

Ina yarinya ni ake sa korar tsuntsaye a gonar babana a fadama, in na yi ihu daga wannan gefe ana ji a wancan. Muryar nan na nemo, wadda na binne tun ranar da aka kai ni ɗaki. Na dafa dutsen ganuwa, na cika ƙirji, na kira sunansa. Maryam, daina kallona, ba zan maimaita ba. Sunan Annabin da kifi ya haɗiye ne, kowa ya sani.

Sunan nan ya bugi ganuwar tsallake ya dawo. Mutanen da ke kan jirgi suka ɗaga kai. Shi kuwa ya tsaya cak kamar an ja shi da igiya, ya juyo, ya yi ta dube-dube, sannan ya ɗaga ido. Na ciro Talatu na ɗaga ta sama. Sai kawai ya zauna a ƙasa daɓas, cikin farar rigarsa ta Juma'a.

Matan suka kaure da tafi. Tsohuwar ta kama fuskata da hannu biyu ta sumbaci goshina, ta tura ni. Ƙafarta ba za ta iya saukar ba, sai mai goyon mayafin tebur ta ja ni, muka bi wata doguwar matakala da gudu, kowa da ɗa a baya. A tsakiya muka haɗu da shi yana hawowa yana haki, hula a hannu. Ya duba yarinyar, ya duba ni, idonsa jawur. Na jira faɗa.

"Wa ya kira ni?" ya ce.

"Ni ban ji kowa ba."

"Ikon Allah. Duk Malta ta ji, ke ba ki ji ba?"

"Wataƙila Talatu ce."

"Talatu ce ke da muryar korar tsuntsaye? Ina kika shiga?"

"Rigarka na bi."

"Tawa tana jikina."

"To ta wani ce. Malamin coci."

Dariya ta kama shi har sai da ya dafa bango. Ƙahon da aka sake busawa ne ya tashe mu. Ya kama hannuna, ban ƙwace ba, muka ruga. Talatu kuwa ta samu sabuwar waƙa, tana bayana tana ta rera sunan nan da ƙarfi, har muka hau tsani ma'aikata na riƙe da igiyarsa suna jiran mu wuce.

Injiniya yana tsaye a bakin tsanin, fuska kamar tattasai. Kafin ya buɗe baki na wuce wurin Madam. Na kwance yarinyar na sa mata a hannu, na durƙusa na faɗi duk yadda aka yi, ban rage komai ba, maigida na fassarawa. Na ce in kora ce, na yarda. Madam ta rungume 'yarta ta yi kuka, ta shinshina kanta, ta duba ƙafafunta. Da aka zo wurin malamin coci sai kukan ya koma dariya, tana riƙe ciki tana cewa a bari. Injiniya bai yi dariya ba. Ya ce wa maigida, wane irin mutum ne zai yi gaba ya bar mace da yarinya a baya? Maigida ya ce haka ake yi a wurinmu. Injiniya ya ce to a wurin aiki an daina. Daga ranar, duk garin da jirgi ya tsaya, doka ce mu jera. Maigida har wani taku yake yi na musamman.

"Ba ni na ce ba," yakan ce. "Umarnin Injiniya ne. Matso."

Da jirgi ya fara ja da baya na fita na dubi ganuwar. Rana ta yi sanyi, duk garin ya koma kamar zinariya, ƙararrawar coci na tashi ta ko'ina. Can sama na hango ɗigon baƙi yana kaɗa farin tsumma. Na kwance gyalena na kaɗa har na daina ganin ta.

Da muka dawo gida ya koma gabansa, na koma bayana, don Faru ba Malta ba ce. Sai dai daga nan bai ƙara karya kwana ba tare da ya waiwayo ba, har abokansa na ce masa ko ya yi mantuwa ne. Labarin kuwa babu gidan sunan da bai ba da shi ba. Innata da ta ji ta ce ba ita ta haife ni ba, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata, shi kuma ya riƙa kai mata goro yana ba ta haƙuri yana dariya. Aka gama madatsa, Turawa suka tafi da Talatu da ƙaninta, na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Ruwa ya ci gonakin mutane da yawa, an sha wuya a shekarun da suka biyo, wannan kowa ya sani. Mu dai ya buɗe ɗan wurin sayar da abinci nan Talata Mafara, muka rufa wa kanmu asiri.

Abin da zan ce muku, 'yan mata, shi ne in ɗan mutane yana bayanki, idonki ba na ƙasa ba ne. Ki san hanyar da kika bi, ki san wanda kike bi. Kunya abu ce mai kyau, ni har gobe ina da tawa, amma ranar da amana ta zo, ajiye ta za ki yi ki ɗauka daga baya. In abu ya faru, ki riga kowa gaya wa uwar ɗa da bakinki. Kuma duk inda kika shiga a duniya, in kin rasa yadda za ki yi, nemi inda mata suke. Ba sai kun ji yaren juna ba.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Ranar da zai tafi, da hantsi ne, an yi ruwa an ɗauke. Na dama masa kunu ya kurɓa kaɗan ya ture. Ina zaune a bakin gadon, a gefensa, ba a baya ba. Ya ga ina share ido da bakin zane, sai ya yi ɗan murmushin nan nasa, ya lalubo hannuna. Sai ya yi mini maganar da bayanta bai ƙara ce wa kowa komai ba sai kalmar shahada.

"'Yar Faru, na sake yin gaba. Ki taho a hankali, kada ki yi gaggawa. In kin iso ba ki gan ni ba, kin san yadda ake kirana."